Yadda Mai Shayi Ta Yi Zaɓe a Taron Kansul

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ɗin da na fara kai shayi ɗakin taron kansul ba. Ko na so in manta ma, masu gadin get ba za su bari ba.

Kwana uku kafin ranar, abu ɗaya ne ke cin raina, tire. Ina wanke-wanke ina ganin tiren ya suɓuce mini, shayi mai zafi ya kwarare a kan babbar rigar wani farfesa. Har gwaji na riƙa yi a tsakar gidanmu na unguwar Shabu da faranti da kofuna shida cike da ruwa, ina kai da kawowa daga bakin rijiya zuwa ƙofar ɗaki, 'yata Nana tana goye a bayana. Baban Nana ya ce idan jami'a ba ta ɗauke ni ba, in nemi aikin wasan tsalle-tsalle. Ban yi dariya ba. Aikin na gwajin wata ɗaya ne, kuma ina matuƙar sonsa. A aji biyu na ƙaramar sakandare na tsaya, Baban Nana kuma keken hayan da yake ja ya fi kwana a wurin bakanike fiye da gida. Wadda ta riga ni a aikin, an ce atishawa ɗaya ta yi a kan biskit ɗin ciyaman, shi ke nan sai gida.

(Ga wanda bai sani ba, kansul su ne manyan da ke sama da kowa a jami'a, har shugaban jami'ar ma gabansu yake kawo bayani. Sau huɗu suke zama a shekara. Ranar da za su zo har furannin bakin ofis ana yi wa wanka.)

Da safe na ajiye Nana wurin Inna Laraba mai kunu da awara a bakin get. Watan Nana biyar, ba ta san komai ba sai nono. Na ce, "Inna, idan ta tashi ki yi mini filashin, yanzu zan fito." Ta ce in tafi kawai, ita 'ya'ya bakwai ta rena.

Madam Patience, shugabarmu ta kicin, ta tsayar da ni a bakin ƙofar ɗakin taron. 'Yar Binuwai ce, kowa "kai" ne a wurinta, mace ko namiji.

"Maman Nana, ka buɗe kunne. Wannan ɗaki yana da doka. Na ɗaya, ba wanda yake magana sai ya ɗaga hannu ciyaman ya ba shi izini. Na biyu, in ciyaman yana magana, ba wanda yake tsaye, ba wanda yake tafiya. Na uku, in an rufe ƙofa, ba shiga ba fita. Ka ji?"

Na ce na ji. Na maimaita mata su har sau biyu, ta ce ina da kai.

Ɗakin kuwa, sanyin esi kamar cikin firji. Tebur ne dogo, sai ka ce za a yanka shanu biyu a kansa. Ciyaman yana can ƙurya, dattijo mai farin gemu, da 'yar gudumar katako a gabansa. Kusa da shi rajistara, wanda ke rubuta duk abin da aka faɗa, shi ne kuma mai ƙirga hannuwa. Membobi goma sha biyar a kewayen tebur, kowa da sunansa a ɗan allo da fayil mai kaurin bulo. A jikin bango wasu ma'aikata a jere, su ba su magana sai an tambaye su.

Kuma wallahi na yi ƙoƙari. Filas uku na shayi na raba ban ɗigar da ko ɗigo ba. Na gane wanda ba ya shan suga, na gane wanda ke zura mitfai, ɗan burodin nan mai nama a ciki, a aljihu. Akwai wata Hajiya a can ƙarshen tebur mai mayafi ruwan bula irin kalar hijabina, ita ruwan zafi kawai take sha. Wajen ƙarfe ɗaya wayarta ta yi haske, ta ɗauki jakarta ta sulale, ba wanda ya kula sai ni. Madam Patience ma ta fita ɗauko abincin rana.

Sai cokali ya faɗi ƙarƙashin tebur. Na durƙusa ina lalubensa tsakanin takalma. Ina can ƙasa na ji ciyaman ya faɗi wani dogon Turanci, na ji kujeru suna motsi, na ji ƙafafu. Da na ɗago da cokalina, mutanen jikin bango duk sun ɓace, an rufe ƙofa har da sakata, ciyaman kuma yana magana.

Daga baya ne na san cewa abin da ya faɗa shi ne duk wanda ba memba ba ya fita, za a yi maganar sirri. Wannan dokar ce Madam ba ta gaya mini ba. Ni uku aka ba ni, su na bi. An rufe ƙofa, ba fita. Ciyaman yana magana, ba tsayuwa. Kujerar da ta fi kusa da ni ita ce ta Hajiya, sai na ɗosana a kai, na rungume tirena a cinya. Ga wata ƙatuwar tukunyar fure ta tare rabin fuskata. Tsohon da ke gefena, wanda tun safe yake gyangyaɗi, ya turo mini fayil ko kallona bai yi ba, ya ce, "Hajiya, shafi na tara muke." Na buɗe shafi na tara.

Maganar sirrin, a kan get ce. Wai a mayar da babbar ƙofar jami'a ɓangaren titi ko a bar ta inda take. An ce zama uku ke nan suna faɗa a kai. Wannan ya ɗaga hannu a ba shi izini ya yi minti goma, wancan ya zabura ya ce "foyin of oda", ciyaman ya buga guduma. Ni dai ina kallon shafi na tara.

Sai wayata ta fara rawa a cikin zani. Filashin ɗaya. Biyu. Biyar. Inna Laraba mai 'ya'ya bakwai ba ta kiran mutum sau biyar a banza. Duk uwar da ke shayarwa ta san abin da ke biyo baya, jiki ba ya jiran izinin ciyaman. Na ji ƙirjina ya cika, ya fara tsatsafowa. Na ɗaga tiren na kare.

Ina cikin addu'a sai na ga ikon Allah. Ciyaman ya faɗi wata gajeriyar magana, mutum bakwai suka ɗaga hannu a tare. Na ce a raina, to ai dole, filas uku suka shanye, ga sanyin esi, duk bayan gida suke nema. Lokacin neman izinin fita ya yi ke nan. Na ɗaga nawa. Rajistara ya miƙe yana nuna hannuwa da biro, ya nuno nawa ma, na ji daɗi an sa ni a layi. Sai kowa ya sauke, ba wanda ya tashi. Ciyaman ya sake magana, wasu bakwai daban suka ɗaga. Na ce wataƙila na farko bai ga nawa da kyau ba, na sake ɗagawa, wannan karon har da miƙa yatsu.

Rajistara ya ce takwas da takwas.

Wani farfesa siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a wuya, ya ce ya yi shekara talatin yana koyar da lissafi, bai taɓa ganin inda mutum goma sha biyar suka haifi goma sha shida ba. Akwai mai zaɓe sau biyu a ɗakin nan. Nan fa aka fara kallon-kallo. Na ga ana harare-harare, na ce Allah ya sauwaƙe, manya da su a ce akwai maguɗi a cikinsu.

Ciyaman ya ce a sake. Aka sake. Ni ma na sake, duka biyun. (Kada ku tambaye ni. Wayar ba ta daina rawa ba.) Takwas da takwas.

Rajistara ya goge gumi a cikin wannan sanyin. Ya ce bisa doka, tun da an samu ruɗani, zai kira suna ɗaya-ɗaya, kowa ya miƙe ya faɗi ra'ayinsa da bakinsa. Ya riƙa kira yana gangarowa. Da ya zo ƙarshen tebur ya kira wani suna mai tsawo da Dakta a gaba, ya kafa wa kujerata ido. Tsohon gefena ya zungure ni da gwiwar hannu. "Hajiya, ke ake kira."

Na miƙe. Garin miƙewa tiren ya sauka, cokalin ya faɗi a kan tayil, ya yi ta juyi yana ƙara kamar ba zai tsaya ba. Ga ni tsaye, silifas a ƙafa, atamfar kicin a ƙugu, gaban hijabina da manyan taswirori biyu a jiƙe. Ido talatin da wani abu a kaina, idan an haɗa da tabarau.

Ciyaman ya leƙo ta saman gilashinsa, ya yi magana da Hausa a hankali. "Baiwar Allah, ke wane ɓangare kike wakilta?"

Na ɗaga hannu tukuna, saboda doka ta ɗaya. Ya ce ya ba ni izini.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ɓangaren kicin."

"Kuma kina goyon bayan a matsar da get ɗin, ko a bar shi?"

"Ranka ya daɗe, ni dai ina so in je get ɗin ne. Ko'ina yake."

Wani ya shaƙe da ruwa. Na ɗauka za a ce in fita a wuce wurin, ashe ban san kansul ba. Daga nan suka riƙa haɗa Hausa da Turanci, shi ya sa na ji wulaƙancina da kyau. Wani lauya a cikinsu ya buɗe littafin dokokin zama, ya ce ba a buɗe ƙofa sai an gama batun da ake kai. Farfesan lissafi ya ce ai ba a gama batu alhali akwai baƙo a ɗaki. Lauyan ya ce a takardar halarta babu ni, wanda bai shigo ba kuwa ba shi da hanyar fita. Wani ya ce a rantsar da ni tun da na ji sirri. (Wane sirri? Shafi na tara ma a juye na riƙe shi.) Suka yi kusan minti ashirin a kaina, ina tsaye ina ɗiga.

Wata farfesa ce ta cece ni, mace mai furfura da ba ta ce uffan ba tun safe. Ta ɗaga hannu, ta ce tana kawo ƙuduri cewa a dakatar da doka na minti ɗaya, a buɗe ƙofa wannan yarinya ta je ta shayar da ɗanta, don ita ta san abin da take gani ko da mazan nan ba su sani ba. Ciyaman ya ce wa zai mara mata baya. Tsohon gefena ya ce shi ne, ai tun ɗazu muke aiki tare. Aka ce masu goyon baya. Hannu goma sha huɗu suka tashi, karo na farko a ranar da suka yarda da abu ɗaya. Na ji nawa ma ya fara tashi da kansa. Farfesar ta ce, "Ke dai sauke, 'yata."

Da gudu na isa get. Nana ta yi kuka har ta gaji, tana ajiyar zuciya a kafaɗar Inna Laraba. Ina shayar da ita ina kuka, Inna tana tambayata wa ya mutu.

Madam Patience ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta ce kawai, "Gobe rajistara yana nemanka. Ka zo da jakarka."

Washegari na shiga ofishinsa na durƙusa. Ya daɗe yana juya biro. Ya ce ya kwana yana tunanin takardar sallamata, kuma ba a sallamar ma'aikaci sai an rubuta dalili. Idan ya rubuta dalili, dole ya shiga rahoton zaman kansul cewa shi, rajistara, da digirinsa uku, ya ƙirga hannun mai shayi sau huɗu. Rahoton kuma za a karanta shi a zama na gaba, kowa ya sa hannu, a ajiye har jikoki.

"Saboda haka," in ji shi, "jiya da rana kina ina?"

Na ce, "Yallaɓai, ina cikin..."

"Kina ina?"

Na kalle shi. Na ce, "Ina kicin, yallaɓai."

Ya ce madalla, haka takarda ta nuna. In koma bakin aikina.

Yau shekarata biyu a wurin. Get yana nan inda yake, an ce an kafa kwamiti. Masu gadi kuwa Onarabul suke kirana, har Nana da ta fara magana ta ɗauka sunana ke nan. Abin da na koya shi ne, wanda bai san doka ba sam ya fi wanda aka ba rabinta kwanciyar hankali, don shi aƙalla zai tsaya ya yi tambaya. Ni da na haddace uku, da ƙarfin gwiwata na yi ɓarna.

Don Allah, mai karatu, idan an kawo sabuwar ma'aikaciya wurin aikinku kuma kai ne mai koya mata, ka gaya mata dokokin har ƙarshe. Ka fara da wadda ta ce yaushe za ta fita.