Shugaba Cikin Kumfa

Duk unguwar da ta samu mutum irin Shugaba, ai ta gama dacewa. Shi ne shugaban kwamitin ruwa, shi ne sakatare, shi ne kuma ya zaɓi kansa ba hamayya. Famfo kan yi wata bai ɗiga ba, amma ranar da ya yi tari ya tofo ruwa, sai Shugaba ya fito yana gyara hula, yana karɓar godiyar da ba wanda ya yi masa. A bayan idonsa Hadari ake kiransa, don ya iya haɗuwa, zubarwar ce ba a taɓa gani ba.

Wata safiya ya tara jama'a a bakin famfon layi, ya hau kan bulo.

"Jama'a, na yi magana da manya. Gobe ruwa zai zo, ba irin wanda kuka saba gani ba. Kowa ya zubar da tsohon da ya tara, ya wanke duro da jarka. Ba za a gauraya ruwana da na 'yan garuwa ba!"

Aka yi tafi raf-raf. Mata suka tuntsurar da duro, layi ya jiƙe sharkaf. Matarsa ta so ta ɓoye jarka ɗaya a bayan ƙofa, ya kama ta. "Haba Maman yara, a gidan Shugaba?"

Washegari famfo ya yi gurnani, ya fara tsiyaya. Shugaba ya ce shi zai ƙaddamar da ruwan da wanka. Ya shige banɗaki, ya mulke jiki da sabulu tun daga ƙeya har dunduniya, yana maimaita jawabin nasara. Sai famfo ya ja dogon numfashi, ya yi shiru. Ya murɗa, ya bubbuga, ya lallashe shi. Ko ɗigo. Sabulu ya fara cin idonsa, ga hayaniyar mata a ƙofar gida da bokitai wayam, yara ba wanka, tukwane ba a ɗora ba.

"Maman yara! Taimaka da ruwa!"

Ta fita ta bi layin gida-gida. Ya daɗe a tsaye, ido rufe, kumfa na bushewa a jikinsa, kafin ta turo masa rabin bokiti.

"Alhamdu lillahi! Wane mai hangen nesa ne wannan? Zan sa shi a kwamiti."

"Tsohuwar nan ce ta ƙarshen layi," in ji ta. "Kunnenta ba ya ji. Ita kaɗai ce jawabinka bai samu ba."