Bindigar Baffa Jatau a Hannun Anaruwa

A ƙauyen Kwarin Maje akwai wani gida mai ƙofa biyu, danga ce kawai ta raba shi. Ɓangaren gabas na Nomau ne, maharbin da ko yara sun san sunansa a yankin, mutum mai tsari da son yabo. Yana da tsohuwar bindigar toka da ya gada wurin mahaifinsu. Yana kuma da rumbun tsimi mai sabuwar jinka, wanda ya ishi mutane da labarinsa a majalisa, yana cewa shi ko leƙa shi ba ya yi sai an ga sabon gero. Ɓangaren yamma na ƙanensa ne, Anaruwa, da matarsa Kande mai ƙuli-ƙuli. Anaruwa ba mahaukaci ba ne, ba kuma mugu ba ne. Matsalarsa guda ce: abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari, ko da garin zai kife. Babba a kansu duka shi ne ƙanen mahaifinsu, Baffa Jatau, Sarkin Bakan garin, wanda yanar ido ta fara dakushe masa gani.

Wata rana Baffa Jatau ya samo lasisi, ya ce zai sayi bindigar zamani, irin wadda ake jan mariƙinta baya a tura gaba, ta tofar da kwanso ta ɗauki wani harsashi. Ya ɗauki 'ya'yan wansa biyu suka tafi birni wurin mai sayar da bindigogin farauta. Nomau yana shiga idonsa ya faɗa kan wata doguwa mai sheƙi, gindinta na katako an yi masa zane. Ya shafa ta, ya ɗora a kafaɗa, a ransa har ya ga kansa yana ratsa kasuwar garinsu da ita. Baffa ya laluba ta ya ce, "Kyau ba ya kashe nama. Bindigar farauta, wadda za ka yini da ita a kafaɗa ba ka gaji ba, ita ake zaɓa." Anaruwa ya ji. Ya ɗauki wadda ke kusa da shi, wata gajera mai launin toka, ba sheƙi ba ado, ya saɓa, ya fita ƙofar shago ya tsaya. Aka yi azahar yana nan. Aka yi la'asar yana nan, mutane sun kewaye shi suna kallo. Mai shago ya yi lallashi ya yi faɗa, Anaruwa ya ce ai yini aka ce. Sai da rana ta yi ja ya shigo ya ce, "Baffa, wannan ba ta gajiyarwa. Gobe sai in gwada ta biyu." Mai shago ya dubi jerin bindigoginsa, ya dubi Anaruwa, ya roƙi Baffa don Allah ya ɗauki wannan su tafi. Baffa ya yi dariya har da hawaye, ya saya. Nomau ya mayar da mai sheƙin inda ya ɗauko ta, suka kamo hanyar gida.

Da damina ta kawo kai, Baffa ya shirya tafiya birni aikin ido, zai zauna wurin 'yarsa har kaka. Nomau ya share ɗaki, ya buga ƙusa a bango inda zai rataye bindiga, don wa za a ba in ba shi ba? Sai ga Baffa, a gaban mafarauta duka, ya miƙa wa Anaruwa.

"Ka shafa mata mai, kada ka bar ko'ina. Kada ruwa ya taɓa ta. Kada ka nuna wa mutum bakinta. In na dawo na tarar ba tsatsa, ta zama taka. In na ga ko ɗigo, Nomau zan ba."

Nomau ya ce, "Baffa, Anaruwa fa?"

"Shi in na ce masa abu yana yi. Kai in na ce maka abu, sai ka gyara mini."

Aka yi dariya, Nomau ma ya yi, irin wadda ba ta wuce haƙori. Gaskiyar magana hassada ce ta kama shi, irin mai hana mutum jin daɗin tuwo. Shi da ya ƙare ƙuruciyarsa a daji, a ce wawan gidansu ne zai riƙe bindigar zamani, shi yana fama da ɗura albarushi? Tun daga ranar ba shi da wani buri a duniya sai ɗigon tsatsa guda.

Wata rana Anaruwa ya saɓa bindiga ya nufi kasuwa, don a gani. Yana shiga ya tuna an ce kada ya nuna wa mutum bakinta. Ya juya ta dama, ga mai nama. Ya juya ta hagu, ga masu nono. Ya ɗaga ta sama, sai ga wani a kan rumfa yana gyaran jinka. Ya sunkuyar da ita ƙasa, sai ya ji tari daga cikin rijiyar da ake yasa. Nan ya shiga juyi a tsakiyar kasuwa kamar akuyar da aka ɗaure a turke, mutane kuwa duk inda bakin ya nufa sai su watse, tumatir da ƙwarya suna ta mirgina. Daga ƙarshe ya ce shi ba zai motsa ba sai kowa ya koma bayansa. Haka kasuwar Kwarin Maje ta tashi kacokan ta yi layi a bayan Anaruwa, ta rako shi har gida. Nomau yana ƙofa ya ga ƙanensa a gaba, jama'a a baya, kamar wani mai sarauta. Ya so ya yi dariya, amma abin da ya tsaya masa a rai shi ne, shi duk shekarun da ya yi yana harbi, ko mutum uku ba su taɓa rako shi ba.

Wata rana man keken ɗinkin da Baffa ya bari ya ƙare, don Anaruwa a zama ɗaya ya juye kwalbar duka. Ya leƙo ta danga ya tambayi yayansa abin yi. Nomau ya san man girki yana yin danƙo ya lalata ƙarfe, sai ya sassauta murya ya ce, "Mai ai mai ne, ƙanena. Ba ga Kande tana tatsar na gyaɗa ba?" Anaruwa ya jira Kande ta tafi rijiya, ya ɗauko tukunyar man da za ta kai kasuwa, ya yi wa bindiga wanka da shi tun daga baki har gindi. Kafin la'asar kiyashi sun yi mata baƙi, karnukan unguwa sun cika ƙofar gida suna lashe baki, ita kuma in ya kama ta nan sai ta zille can kamar tarwaɗa. Kande ta dawo ta tarar da tukunya wayam. Ba ta yi ihu ba. Ta leƙa ta danga ta ce, "Sannu da shawara, Yaya Nomau." Sannan ta zaunar da mijinta, ta sa shi ya goge bindiga da tsumma har ta bushe, ta tasa shi gaba zuwa wurin tela suka karɓo man keke, ta ce, "Malam, ɗigo uku a tsumma, kullum bayan ka karya. Uku na ce." Daga ranar ko sau ɗaya bai yi huɗu ba. Nomau yana jin su ta danga, yana cizon yatsa, don da bakinsa ya jawo wa bindigar mai kula ta biyu.

Wata rana mafarauta suka fita, hadari ya haɗo, Nomau ya dage sai an tafi da Anaruwa. Yana kallon sama yana jin daɗi. Suna tsakiyar daji ruwa ya ɓarke. Anaruwa ya tuɓe riga ya naɗe bindiga, ya tuɓe taguwa ya ƙara, ya cire malafa ya kifa mata, ya duƙa a kanta cikin kogon wata kuka, bayansa a waje ruwa yana dukansa. Ana haka sai ga wata gada, ta zo neman mafaka, ta tsaya gabansa har tana shinshinar malafar.

"Harbe ta, Anaruwa," in ji mafarauta.

"Ruwa zai taɓa ta."

Nomau ya ce yau zai nuna musu bambanci. Ya ɗaga bindigar toka ya ja kunama, ta ce ƙyas, albarushi ya jiƙe. Gada ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ta tafi abinta ba ko sauri. Suka dawo hannu rabbana, Anaruwa yana rawar sanyi da atishawa, bindigarsa a bushe ƙayau. Nomau kuwa don haushi ya jefa tasa bayan ƙyaure yadda take a jiƙe, bai sake bi ta kanta ba. Hankalinsa duk yana ƙetaren danga.

Aka shiga tsakiyar damina, ruwa ba ya ɗaukewa, bango ya fara tsatsafo, tabarma ta fara wari. Nomau ya ga lokaci yana tafiya. Wata rana ya kira ƙanensa gefe, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Anaruwa, idon mutane ya yi yawa a kan bindigar nan. Abu mai daraja binne shi ake yi. Ka binne ta inda ko ni ba zan leƙa ba, kada ka tono ta sai Baffa ya dawo." Ya faɗi haka yana kallon ƙasar tsakar gida da ta jiƙe sharkaf. Ƙarfen da ya kwana cikin wannan ƙasa har kaka, ko maƙeri ba zai gane shi ba. Anaruwa ya ce to. Washegari Nomau ya dawo daga gona ya ga ƙusar ɗakin ƙanensa ba komai a kai, ya ci tuwo malmala biyu har ya nemi ƙari. Bayan 'yan kwanaki bangon ɗakin Anaruwa ya zube saboda ruwa, komai na ciki ya zama taɓo. Nomau ya zo jaje, ya taya su kwashe ƙasa da ƙwazon da ba a san shi da shi ba, yana caccaka nan da can ko zai ji ƙarfe. Bai ji ba. Ya ce a ransa lallai an binne ta da zurfi, hakan ma ya fi.

Da gero ya nuna, Baffa Jatau ya dawo da ido tangaran. Mafarauta suka taru a ƙofar gida, aka gaisa, aka yi barka. Baffa ya ce, "Anaruwa, ina ajiyata?"

"Na binne ta, Baffa. Yaya ne ya ce."

Mafarauta suka dubi juna. Baffa ya juya ya dubi Nomau da sabon idonsa, Nomau ya dubi ƙasa, amma a ransa murna yake yi. A yi masa faɗa yau, gobe bindiga tasa ce, tsatsa kuwa ai ana kankarewa. Baffa ya ce a je a tono. Anaruwa bai ɗauki fartanya ba. Tsani ya ɗauka, ya zaga ta ƙofar gabas, jama'a suna biye, ya jingina shi jikin rumbun tsimin Nomau. Ya ɗaga jinka, ya shige, aka ji yana ture dammunan gero. Can ya fito da ita, ƙaiƙayi a gashinsa. Baffa ya karɓa, ya goge ƙura da hannun riga, ya juya ta a rana, ya leƙa cikin bakin, ya ja mariƙi baya ya tura gaba. Ta amsa ƙwas-ƙwas kamar ranar da aka saye ta, ko ɗigo babu.

"Me ya kai ka rumbun mutane?" in ji Baffa.

"Yaya ya ce in binne ta, kai ka ce kada ruwa ya taɓa ta, ƙasa kuwa duk ta jiƙe. Gero ne kawai a bushe. Kuma ya ce inda ko shi ba zai leƙa ba. Kowa ya san nan ne ba ya leƙawa."

Mafarauta suka fashe da dariya. Nomau bai ji su ba. Yana kallon rumbun da yake wucewa safe da yamma, wanda yake shimfiɗa tabarma a inuwarsa yana ƙulla yadda zai yi. Tun tsakiyar damina bindigar tana gidansa, jinkarsa ce ta tare mata ruwa, geronsa ne ya shanye mata danshi.

Baffa ya miƙa wa Anaruwa ya ce ta zama tasa. Sannan ya ce, "Nomau, ɗauko mini ta yayana in gani. Rabona da ganinta da kyau tun idona bai lalace ba."

Nomau ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure. Tana nan inda ya jefa ta ranar gada. Ya fito da ita a hankali. Tsatsa ta yi mata ja tun daga baki har gindi, kunama ta kafe, katakon da hannun mahaifinsu ya goge har ya yi santsi ya tsage ya yi fumfuna. Baffa ya riƙe ta yana shafa katakon, dariyar mutane ta mutu da kanta.

Anaruwa ya matso, ya laluba aljihu, ya fito da 'yar kwalbar man keke da tsumma, ya miƙa wa yayansa da hannu biyu.

"Ɗigo uku, Yaya, kullum bayan ka karya."

Nomau ya karɓa. Ya zauna a bakin ƙofa, ya ɗora bindigar mahaifinsa a cinya, ya ɗiga uku ya fara gogawa, tsumman yana fitowa ja.