Rasuwar Kututture, Keken Mamane Illa, a Gangaren Monts d'Or

Da zuciya cike da baƙin cikin da shi ya jawo wa kansa, Mamane Illa, mutumin Bouza, mazaunin hawa na tara a Minguettes ta Vénissieux, yana sanar da 'yan uwa na Montreuil da na Lyon cewa kekensa na gangaren dutse, wanda aka fi sani da Kututture, ya karye gida biyu ranar Lahadi, mako uku ke nan, a wani gangare na Monts d'Or. Ya rasu nan take. Mai shi yana bisansa lokacin da abin ya faru. Sanarwar ta yi jinkiri don mai shi yana asibiti, kuma da hannun hagu ya rubuta ta. A yi haƙuri da rubutun.

Marigayin ya shigo gidan Mamane shekara takwas da suka wuce. Pascal, abokin aikinsa a Montreuil, shi ya bar masa shi da gwiwoyinsa suka ƙi. Rékia, matar Mamane, ita ta raɗa masa suna, don nauyinsa kilo goma sha bakwai ne, kuma ya tare hanyar banɗaki, kowa ya fito da safe sai ya yi tuntuɓe da shi. Ba shi da kyau. Baƙi ne, tayoyinsa kamar na babur. Amma bai taɓa kai ƙara ba. Ya sha taɓon dajin Montmorency, ya sha duwatsun Fontainebleau, ya ɗauki mutum mai kilo tamanin da shida ya sauko da shi lafiya duk Lahadi. In an saki feda sai ya ce trrrr, in an yi ruwa birkinsa ya ce ƙiii. Iyakar maganarsa ke nan a duniya. Mutane da yawa ba su kai shi kama baki ba.

Masu tambayar abin da ya kai mai furfura gangaren dutse, ga amsa sau ɗaya. Mamane ya tashi yana bin awaki a guje bisa duwatsun Bouza. Shekara ashirin da biyu a Faransa, babu inda ƙirjinsa ke buɗewa sai a gangare. Wanda bai gane ba, ya bar shi.

Ciwon ajali ya fara ne ranar ƙaura. Mamane ya samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wata babbar mangaza ta ajiyar kaya a Vénissieux, wata uku na gwaji, in ya cika su a ba shi kontara ta dindindin. Saboda wannan aiki Rékia ta bar nata na kicin ɗin lakol, wato makaranta, a Montreuil, inda ta yi shekara goma sha ɗaya. A hanya, cikin kamiyon haya, firigo ya tsinke igiya ya faɗa kan marigayin. Da aka sauke kaya Mamane ya ga wani ɗan layi a wuyan kadar, wato ƙarfen da ke riƙe da dukan jikin keke. Ya tofa yawu a yatsa ya goga, ya ce fenti ne.

Rékia ta nemi abu ɗaya. Ta ce, “Baban Nour, wata uku kawai. Ka bar dutse sai ka sa hannu a takarda. Bayan nan ka je ka karya abin da kake so.” Ya ce ya ji. A ransa ya ce zai nemi hanya ne kawai, ya san inda take, ba zai sauka ba.

Neman ya fi ƙaurar wuya. Ya tambaya a Guillotière, wurin mai nama da wurin mai aski. Wani Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, “Malam Mamane, keke? Ba ka da kuɗin taram ne mu haɗa maka?” Wani ya tura shi Parilly, ya je ya tarar da ciyawa shimfiɗe da tsofaffi masu yawo da karnuka. Ya hau Fourvière, matakala ce da masu ɗaukar hoto. An ce duk hanyoyin suna cikin salula, amma Faransancinsa na baki ne, taswira mai ƙananan rubutu ba ta gaya masa komai. Sai ya koma ga abin da ya iya tun yana kiwo, ya bi sawu. Keken da ya je dutse da taɓo yake dawowa, mai taɓo kuma wanki yake nema. Lahadi huɗu yana tsayawa da la'asar a wurin wankin mota na unguwa, cikin sanyi, marigayin na jingine a gefensa. A ta huɗu wata mota ta shigo da kekuna uku, taɓo har sirdi.

Mai motar sunanta Sandrine, gyaran keke ne sana'arta. Ta yi masa kwatance dalla-dalla, ƙauyen da zai wuce, inda zai bar kwalta, itacen da zai juya a gindinsa. Sannan ta durƙusa ta duba marigayin, ta sa farce a layin nan na wuya. Ta ce, “Wannan ya mutu. Alminiyam ne, in ya tsage a nan ya gama. Kada ka zo da shi.” Mamane ya yi godiya. A hanyar gida ya ce haka Nasara suke, abu ya yi tari sai su jefar.

A Bouza ba a jefar da ƙarfe. Amalanke ya karye, walda. Ƙofa ta ɓalle, walda. Mamane ya kai marigayin wurin Brahim, mutumin Chadi mai yin ƙofofi da tagogin ƙarfe. A rubuta a nan don kowa ya sani, Brahim ba shi da laifi. Ya ce, “Ɗan uwa, ni baƙin ƙarfe na sani. Wannan in ya sha wuta yana laushi.” Mamane ya ce ya yi dai. Ya zauna a shagon har aka yi, ya ɗora baƙin fenti a kai, ya girgiza keken, ya ce ya fi sabo.

Saura kwana tara gwaji ya ƙare, Lahadi ta zo da rana mai kyau. Ya gaya wa Rékia zai je ya ga hanyar da ido. Ya same ta daidai yadda aka kwatanta masa: siririya, tsakanin itatuwa, da tudun dutse da saiwoyi, tana sauka kamar ta bayan garinsu. Ya tsaya a bakinta ya daɗe. Sai ya ɗaure hular kwano.

Marigayin ya yi minti biyu mafi kyau a rayuwarsa. Ya ce trrrr har kwana ta uku. A nan akwai ɗan tsalle, bai kai gwiwa ba. Da suka dira sai ya ce ƙas, sau ɗaya. Tayar gaba ta tafi da kanta, Mamane ya bi ta da kafaɗa. Sandrine da mutanenta ne suka tarar da shi, su suka kira motar asibiti. Sandrine ta ɗauki rabin keken ta dubi waldar, ta ajiye.

Marigayin ya rasu ya bar tayoyi biyu masu sauran rai, da sarƙa, da famfo, da hular kwano tsagaggiya. Ya bar Pascal a Montreuil, wanda har yanzu ba a iya gaya masa ba. Ya bar Mamane da ƙarafa a kafaɗar dama da wuyan hannu, lokotoro ya ce wata huɗu kafin ya ɗaga ko buta. Ba za a ce Allah ya jiƙansa ba, ƙarfe ne. Mai son addu'a ya yi wa mai shi ta hankali.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. A hallara a gindin bene, motar Brahim za ta kai gawa wurin zubar da tsofaffin ƙarafa na gari. Babu zaman makoki, babu abinci. Ana neman mutum biyu masu ƙarfi su sauko da shi, asansar, na'urar hawa benen, ta lalace, mai shi kuma ba ya iya ɗauka.

Mai son yin ta'aziyya kada ya nemi Mamane. Takardar mangaza ta iso ranar Talata, sun ɗauki wani a kan motar ɗaga kayan. Rékia ce ta buɗe ta karanta masa, ta ninke, ta sa a bisa firigon nan. Ranar Litinin da ta biyo baya ta fara sharar ofisoshi a can ƙarshen layin metro, aiki biyu a rana, tana da shekara arba'in da bakwai da ciwon baya. Ita za a yi wa gaisuwa. A zo da wuri, don sha ɗaya da rabi take fita, har ranar Asabar.