Ƙwaƙwalwar da Na Jawo Daga Ƙarƙashin Tebur

Ba zan taɓa mantawa da Talatar da na zama injiniya na tsawon awa guda ba. Lokacin ina aiki a wani ɗan ofishin tafiye-tafiye a unguwar Nima, muna cika wa maniyyata takardun Hajji da Umara. Kwamfutocinmu uku ne, irin waɗanda allo kawai kake gani a kan tebur, kuma duk sun tsufa. Idan ka kunna ɗaya da safe, kana iya zuwa unguwar Maamobi ka sha koko da ƙosai, ka dawo ka tarar tana nan tana tunani.

Ranar rufe karɓar takardu ta matso, mutane sun cika benci, sai Alhaji Sule mai ofishin ya ce zai kira masu gyara. Na ce ba sai an kira kowa ba, ga ni. (Ilimina duka bidiyo biyu ne da na kalla a waya cikin motar haya, trotro.) Na ce RAM za a ƙara wa ta Hajiya, a sa SSD, ta yi sauri. Yadda na furta haruffan ya burge shi har ya fara kirana injiniya.

Na tafi wani shagon kayan kwamfuta a kasuwar Circle sayen kaya. Mai shagon ya tambaye ni wace iri ce kwamfutar, na ce masa baƙa ce. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ƙulle min kayan a leda.

A bidiyon, akwati suke buɗewa. Don haka da na dawo sai na rarrafa ƙarƙashin teburin Hajiya Rabi, mai buga mana takardu, wadda ta fara aiki tun zamanin tafireta. Na jawo wani baƙin akwati mai nauyin tsiya, na ɗora a kan tebur, na shaida wa jama'a cewa wannan ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, allon nan fuska ce kawai. Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta yi haƙuri, aikin nan ba ya son surutu.

Na kwance kusoshi. A ciki na tarar da wani jibgegen abu mai waya ja da baƙa. Ban taɓa ganinsa ba, amma na ce shi ne ma'ajiyar bayanai, kuma nauyinsa ne ya hana ta sauri. Har na miƙa wa maniyyata suka riƙa ɗagawa suna jinjina kai. Wani dattijo daga Kotobabi ya ce shi dai ya yi masa kama da batirin babur. Na yi murmushin tausayi, na ce, “Baba, mutane da yawa suna yin wannan kuskuren.”

Daidai nan kwamfutar Hajiya, wadda ta kunna tun kafin in shigo, ta gama tunaninta ta yi ɗan kiɗan nan na buɗewa. Hajiya ta gyara tabarau ta fara buga sunan wani maniyyaci. Alhaji ya dubi allo, ya dubi abin da ke hannuna.

“To injiniya, da wace ƙwaƙwalwar take aiki yanzu?”

Na ce ragowar rai ne, kamar kazar da aka yanka tana ɗan tsalle. (Allah ya yafe min, da gaske na faɗi haka.)

Sai Hajiya ta ce, ba tare da ta daina bugu ba, “Ɗana, wannan akwatin ajiyar wuta ne da muka saya lokacin dumsor, da ake ta ɗauke wuta. Ya mutu tuntuni, ko a jone ba ya. Ƙafata nake ɗorawa a kai.”

Dattijon nan bai yi dariya ba, sai ya ce a hankali ai mutane da yawa suna yin wannan kuskuren. Mutanen benci suka fashe da dariya. Wata mata har sai da ta fita waje ta ƙarasa tata dariyar.

Hajiya ta juya allon ta nuna min wata 'yar ƙofa a baya, ta ce komai a ciki yake, ta sha ganin masu gyara suna buɗewa. Muka gwada RAM ɗina, ya fi ramin tsawo ninki biyu. Ta kwafe min lambar kwamfutar a takarda, na koma Circle, mai shagon ya biyo ni ya yi aikin kafin la'asar. Ni kuma aka ba ni aikin da ya dace da ni, na mayar da kusoshin matashin ƙafar Hajiya.

Tun daga ranar, kafin in yi wa jama'a bayanin kowane akwati, sai na bi wayarsa na ga inda ta nufa. Idan ba ta je ko'ina ba, sai in ce na zo neman birona ne da ya faɗi.