Garin Albasar Zaituna

"Lahiya lau, Gado. Ya maƙogwaro? Ashe har yau hukuma ba ta ƙwace lasifikar ga ba?"

Da wannan gaisuwa Zaituna ta tari taubashinta a bakin kasuwar Jega. Gado ɗan ƙanen innarta ne, sana'arsa shela: ya ɗaura lasifika a babur, ya bi kasuwanni yana tallar kayan mutane. Ita kuwa daga Aliero ta zo da kwali cike da garin albasa. Ganin yadda albasar mijinta ke ruɓewa a rumbu ya sa ta busar, ta daka, ta ƙulla a leda. Tun bayan sallah ta sa hoton kayan a intanet, amma ko mutum ɗaya bai kira ba. Abin na cin ta a rai, sai dai ta rantse Gado ba zai ji a bakinta ba.

"Maƙogwaro ƙalau, baiwata," in ji Gado. "Mi kika ɗauko haka? Ko maigidan ya gaji ya haɗo miki kayanki?"

"Ni ce baiwarka? Kai da ranar haihuwarka unguwarzoma ta kurmance! Haja ce, kuma ba ta buƙatar ihunka. Yanzu mutum waya yake latsawa ya nemo abin da yake so."

"To mi zai rubuta? Wa ya taɓa jin an daka albasa, balle ya neme ta?"

"Har daga Legas ana kira na."

"Awo, masu kuskuren lamba."

"Kai dai zamaninka ya wuce. Jakunan Maiyama kaɗai ke amsa maka, su ma don sun ji muryar dangi."

"Dangi kam! Ai babana da innarki ciki ɗaya suka hito."

Kafin ta samo abin ramawa, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba ce. Ta yi maza ta ɗauka, ta buɗe muryar wayar yadda Gado zai ji da kyau.

"Salamu alaikum," wata mata ta ce. "Zaituna mai garin albasa? Murjanatu ce mai abinci, daga Maiyama. Ina son kwali guda in gwada."

Zaituna ta murguɗa wa Gado baki. "Hajiya, a intanet kika gan ni ko?"

"Ina! Wani mai lasifika ne ya yi ta karanto lambarki a kasuwarmu. Ya ce mai kayan akwai rowa da faɗa, amma garinta babu na biyunsa. Da na ji sunan ne na duba a waya, na ga hoton."

Suka yi sallama. Zaituna ta juyo a hankali, Gado kuwa ya duƙufa yana goge madubin babur kamar ba shi a wurin.

"Wa ya sa ka?"

"Gwaggo, innarki. Ta ce kin rame, ko tuwo ba ki iya ci."

Idon Zaituna ya kawo ruwa, ta yi maza ta ce yajin albasa ne. Ta zaro ƙulli biyu daga kwalin ta cusa masa a aljihu.

"Ungo, ka kai wa matarka, ko miyarta ta yi daɗi sau ɗaya a rayuwa. Ka ci gaba da shelar, amma ka cire zancen rowar nan."

Gado ya zaro ƙullin ya juya su a hannu. "Biyu tak? Kuma in cire? Ai zancen rowar ne ya sa suka yarda gaskiya nake hwaɗi!"

Zaituna ta tuntsire da dariya har ta dafa babur. "Allah ya shirye ka, Gado. Ka yi nasara. Ɗauki kwalin mu tahi tasha mu aika wa Hajiya."