Yadda Na Zama Malam Casa'in

Ko na tsufa na manta sunana, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, ranar da na buɗe baki a gaban manyan unguwarmu, ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina zaune gidan Kawu Sule a Sabon Gari, nan Keffi. Babban titi ya ratsa ta bakin unguwarmu, motocin Abuja da na Akwanga suna wucewa kamar ana korarsu. Wata safiya mota ta buge Mama Nkechi, matar Oga Chidi mai sayar da kayan mota, tana tsallakawa da robar ƙosai a ka. Ba ta kai asibiti ba. Shekara biyu ina karyawa da ƙosanta, kullum sai ta ƙara mini biyu ta ce na cika rama.

Mai unguwa ya ce za a rubuta wa hukuma takarda a kafa allon iyakar gudu a wurin, amma sai an tsayar da lambar da za a roƙa. Kawu ya ce, "Ai muna da Furofesa a gida, ba ya komai sai karatu." Haka aka ɗora mini aikin.

Na samo wani littafin injiniyoyin hanya a laburare. Ya ce a auna gudun motoci, a cire sha biyar mafiya gudu cikin kowace ɗari, sai a ɗauki gudun wadda ta fi sauri a cikin sauran, shi ne iyaka. Abin ya burge ni. Na auna tsakanin turakun wuta biyu da tef ɗin tela, na kwana bakwai ina zuwa bakin titi da agogon waya da littafin rubutu. ('Yan acaɓa sun ɗauka ɗan leƙen asiri ne, har suka daina ɗaukar mutum uku a gabana.) Na ja layuka da rula, na sake lissafi sau uku. Kowane karo lamba ɗaya ke fitowa.

Ranar taron aka jera benci a ƙofar shagon Oga Chidi, wanda bai buɗe ba tun rasuwar. Ga liman, ga fasto, ga mata 'yan kasuwa a tsaye daga baya. Oga Chidi kuwa yana gefe cikin baƙar riga, ya zuba wa ƙasa ido.

"To Furofesa," in ji mai unguwa, "nawa za mu rubuta?"

Na miƙe da takarda a hannuna. Na karanta bayanin daga farko har ƙarshe ba tare da na ɗaga kai ba. Sannan na ce, "Saboda haka, iyakar da ta dace ita ce kilomita casa'in a awa."

Wurin ya yi tsit. (Ni a haukana na ɗauka jinjina ce.)

Oga Chidi ya ɗago. Hausarsa a hankali take fita, kalma bayan kalma. "Ɗan makaranta. Direban da ya buge matata, tamanin ya ce yana yi. Kenan a takardarka bai ma yi gudu ba?"

Da mai hankali ne, da ya yi shiru, ko ya ce Allah ya ba da haƙuri ya zauna. Ni kuwa an yi mini tambaya, kuma tun firamare ban taɓa barin tambaya ba amsa ba. Na duba takarda, na ce:

"A bisa lissafi... e, da sauran goma."

Wata mata ta ɗora hannu a ka ta ce, "Jesu!" Liman ya yi salati. Kawu ya finciko rigata har maɓalli ya tsinke. "Zauna, don Allah zauna! Mu muka ce ka yi karatu, laifinmu ne."

Oga Chidi bai yi faɗa ba, kuma wannan ya fi ciwo. Cewa ya yi, "Kwana bakwai kana ƙirga mota. Mutum nawa ka ga sun tsallaka?"

Ban sani ba. Babu layinsu a takardata.

Mai unguwa ya aiki wata dattijuwa mai sayar da doya ta tsallaka titin da tafiyarta ta kullum, kowa yana kallo. Da ta dawo tana haki, aka ce arba'in za a rubuta. Ba rula, ba agogo.

Ranar Litinin na koma laburare. Babi na gaba, shafi huɗu kacal daga inda na tsaya, ya ce wancan lissafi bai isa ba inda hanya ta ratsa gari da masu tafiya a ƙasa. Ɗabi'ata ce ba na shiga sabon babi sai na gama da wanda nake ciki.

Ni ɗin dai aka sa na buga takardar, don babu mai Turancina a layin. Da na kai wa Oga Chidi ya sa hannu, sai ya bi ta da yatsa har ya iso kan lambar, ya daɗe a wurin. "Yauwa, Malam Casa'in," ya ce, bai yi murmushi ba. Sunan ya bi ni har aji.

Tun daga nan na gane ba kowace tambaya ce ta jarrabawa ba. Wadda mai makoki ya fara da "kenan", ba a ba da maki a kanta.