Ranar Da Na Kurɓi Teku A Gaban Surukata

Abubuwa da yawa sun wuce ni a duniya, amma ba zan taɓa mantawa ba da yammacin da na kai iyalina bakin teku a Legas. Har yau idan abin ya faɗo mini ina tsakiyar gona, sai in ajiye fartanya in dafe kai, in ce da kaina, "Kai dai ka sha kunya, wallahi."

Ni manomin albasa ne, ɗan Kashin Zama a ƙasar Aliero. Idan albasa ta yi, muka ɗura a buhuna, nakan bi babbar motar da ke kai ta Legas. Abin da na sani a Legas kuwa bai wuce kasuwar albasa ba. Mota ta shiga, a sauke kaya, in kwana kan buhuna, in sha shayi wajen wani Bazabarme, in sake hawa mota mu kamo hanyar Jega. Teku dai a jikin kalandar mai shayin nan na san shi, shuɗi fes, da itacen kwakwa ya sunkuya a gefensa.

To amma da na auri Saratu sai bakina ya buɗe. Ranar da na fara dawowa daga Legas bayan bikinmu, muna zaune tsakar gida bayan magariba, babu wuta, ta tambaye ni a hankali, "Malam, ka ga teku?" Ina amarya tana kallona haka zan ce ban gani ba? Na gyara zama na ce ai kusan kullum can nake yini.

Daga ranar nan teku ya zama abincin yammanmu. Da an sallame isha'i sai in ƙi tsayawa majalisar samari, in dawo gida, ta shimfiɗa tabarma, in kama gini. Na ce ruwansa kwance yake lif kamar gulbin Jega da rani, sai dai ba ka ganin ɗaya gaɓar. Na ce yashinsa ya fi garin gero laushi. Na ce idan rana za ta faɗi takan sauko ta taɓa ruwan, ka ji wani ɗan sauti, cuuu. Mafi muni, na ce na sha ruwansa, ya fi na randarmu sanyi da garɗi, kuma da za a kafa masa injin ban-ruwa da albasar Aliero sai ta kai girman ƙwarya. (Ranar da aka koyar da labarin teku a firamare, ina jin ina gona wajen dashe.) Ita dai takan yi tagumi ta lumshe ido, wani lokaci ta ce, "Ƙara faɗa min wurin faɗuwar ranar nan." Ni kuwa in ƙara, har da sabon gyara.

Labarin cikin gida ba ya zama a cikin gida. Ya tsallaka katanga, ya bi gidajen biki, har ya kai Gehuru kunnen Inna, mahaifiyar Saratu. Inna kuwa tun da na auri ɗiyarta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Daga nesa nake cire takalmi in durƙusa, kai a ƙasa, mu gaisa. Ban taɓa cin ko ƙwayar gyaɗa a gabanta ba, ruwa ma ban taɓa kurɓa ba. Ita ma ba ta kama sunana, sai dai ta ce "yaron ga".

Sai ga shi an yi wa Nasiru haihuwa. Nasiru ƙanen Saratu ne, direban bas a Legas, mutumin da tsokana ta zame masa sana'a ta biyu. Muka shirya zuwa suna, ni da Saratu da Inna. A tashar Jega na ga Inna rungume da wani farin galan, wanke tas, babu komai a ciki. Na tambayi Saratu a ɓoye na mene ne. Ta kawar da kai ta ce, "Tsaraba za ta ɗebo."

Washegarin suna, bayan la'asar, Inna ta aiko a gaya mini tana son a kai ta ta ga ruwan nan da ake faɗi. Saratu ta yi saurin cewa, "Inna, kin gaji hwa, mu bari sai wani zuwa." Inna ta ce ita da ta baro Gehuru da ciwon gwiwa, ba ta san ko akwai wani zuwa ba. Nasiru ya kaɗa makullin mota yana murmushi.

"Ai ga ɗan gari nan," ya ce. "Alhajin Ikko, kai ka nuna muna hanya, ni tuƙi kawai ni iya."

A gaban mota na zauna ina nuna hanya da hannu. Duk inda na ga Nasiru ya fara karya kan mota sai in yi maza in ce, "Yauwa, nan za ka bi." Shi kuma ya ce, "To, ranka ya daɗe." Muka hau wata gada da ban taɓa sanin ana yin irinta ba, ruwa hagu, ruwa dama, masu kwale-kwale can ƙasa ƙanana. Inna ta tambaya ko wannan ne tekun. Na kusa cewa e, sai Nasiru ya yi tari, na ce a'a, wannan ƙanensa ne.

Tun kafin mu gan shi muka ji shi. Wani irin gurnani ne mai zuwa yana komawa, ga iska mai danshi tana manne wa mutum a fuska. Muka bi ta tsakanin rumfunan masu tsire da masu sayar da kwakwa, muka haura wani tudun yashi, sai kawai duniya ta ƙare a gabanmu.

Jama'a, na yi ƙarya iya ƙarya, amma ƙaryata ba ta kai rabin abin ba. Ruwa ne ya tafi, ya tafi, har ya haɗe da sama, ba ka iya cewa ga inda ɗaya ya tsaya. Rana tana gangarawa ta hannun damanmu, ta zuba wani ja-ja a kan ruwan, yana motsi. Iyalai sun baje tabarmi, yara suna gudu da balan-balan, wasu samari suna buga ƙwallo, wani yana jan dawakai farare biyu a bakin ruwa ana hawa ana ɗaukar hoto. Can nesa jiragen ruwa sun yi layi, tsit, kamar shanun da suka kwanta bayan kiwo. Na tsaya baki sake. Na manta ni ne mai yini a nan kullum, har na ji bakina ya ce, "Subhanallahi, ashe haka yake!" Allah ya so ni iska ta tafi da maganar, ko kuma dai Saratu ta yi kamar ba ta ji ba.

Na dube ta. Iska tana wasa da gyalenta, idonta ya cika da ƙwalla, tana murmushi ita kaɗai. A ran nan na ji ina sonta fiye da ranar da aka kawo ta, kuma na ji tsoro ya kama ni, don idan asirina ya tonu, duk yammacin da muka yi a kan tabarmar nan zai zama abin dariya a wurinta.

Abu ɗaya ya dame ni, ruwan ba kwance yake ba. Yakan taso ya naɗe ya fashe da fari, ya malalo kan yashi, ya ja da baya. Inna ta lura.

"Yaron ga, ba kac ce kwance ya ke ba?"

Na ce, kaina a ƙasa, "Inna, yau iska ta yi mai yawa."

Ta gyaɗa kai ta taka a hankali har inda yashi ya jiƙe. Ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙaramin kofin silba, ta miƙa wa Nasiru ta ce ya ɗebo mata ta fara jiƙa maƙoshi kafin a cika galan. Nasiru ya ja da baya, hannu a ƙirji.

"Wa ni? Ki ba ɗan gari, shi yas san inda ruwan yaf fi garɗi."

Na naɗe ƙafar wando, na tattare babbar rigata ta suna, na jira ruwan ya malalo na kamfato. Har ga Allah a lokacin ban tsammaci komai ba. Ruwa ai ruwa ne. Ina juyowa Saratu ta tare ni, ta yi ƙasa da murya.

"Malam, don Allah ɗanɗana tukuna, kahin ka ba Inna."

Na ɗauka so take in nuna gwaninta. Na kauce gefe saboda kunyar suruka, na yi bisimilla, na cika baki na kai.

Wayyo Allah! Ka ɗauki gishirin kasuwar Jega kakaf, ka haɗa da kanwa, ka wanke kifi a ciki, to shi na kurɓa. Tofarwa ba dama, Inna tana tsaye tana kallo. Na runtse ido na haɗiye, hawaye suka zubo mini shar.

"Ƙaƙa kaj ji shi?" in ji Inna.

"Alhamdu lillahi," na ce da wata murya da ba tawa ba.

"To kawo."

Suruka ba a miƙa mata abu a tsaye. Na zo gabanta na durƙusa kan jiƙaƙƙen yashin nan, kai a sunkuye, kofi a hannu biyu, na ba teku baya. Ta miƙo hannu. Ni kuma na kasa sakin kofin. In ba tsohuwa mai hawan jini wannan masifa ta sha, ko in buɗe baki in ce shekara da shekaru ƙarya nake yi? Tana ja, ina ja. Na ce, "Inna..." Na ji Nasiru ya yi ihu, "Bayanka!"

Ban san me ya faru ba, na dai ji an maka mini wani abu mai sanyi a gadon baya, an kifa ni. Ruwa a hanci, yashi a baki, rigata ta rufe mini kai, ga wani abu yana jan ƙafafuna baya. Na tabbata tafiya ta zo. Na lalubo abin da hannuna ya samu na ƙanƙame da iya ƙarfina, na kwartsa ihu, "Wayyo Inna! Inna ki cece ni, ban iya ruwa ba! Wallahi ban taɓa zuwa nan ba!"

Ruwan ya janye. Na yaye riga daga fuskata. Abin da na rungume ƙafafun surukata ne, duka biyun. Ruwan da ya kusa kashe ni kuwa ko gwiwarta bai kai ba. Hulata tana can tana lilo a kan kumfa, wasu yaran Yarabawa suna nuna ta suna tsalle. Nasiru ya faɗi kan yashi yana riƙe da ciki, mai doki ma ya tsaya kallo.

Inna ta lashi ɗigon da ya fantsamo mata a leɓe. Sannan, karo na farko tun da na shiga zuri'arsu, ta dube ni ido cikin ido.

"Gishiri na," ta ce. "To sakan min ƙahwa, yaron ga."

Galan ɗin kuwa sai da ta sa Nasiru ya cika shi taf. Ta ce mutanen Gehuru sun daɗe suna jin labari, gara kowa ya ɗanɗana da bakinsa. (Sun ɗanɗana. Har na Kashin Zama an aika wa a kwalba.)

Bayan mun yi magariba na koma can gefe na zauna ni kaɗai, riga tana ɗiga, ina kallon ƙasa. Saratu ta zo ta zauna kusa da ni. Jiragen nan na nesa sun kunna fitilunsu ɗaya bayan ɗaya, har wurin ya zama kamar wani gari ne yake shawagi a kan ruwa.

"Saratu, duk abin da na riƙa faɗa miki..."

"Na sani," ta ce. "Tun daren hwarko. A aji huɗu anka koya muna ruwan teku gishiri na."

Na juyo na dube ta. "To don me ba ki faɗa ba? Kika bar ni ina ta zuba?"

Ta ɗebi yashi tana zubarwa ta tsakanin yatsunta, ba ta kalle ni ba.

"In na hwaɗa, ka daina. In ka daina, majalisa za ka koma, in zauna ni ɗai tsakar gida. Ni ba tekun ni ka jira ba, Malam."

Muka zauna muna kallon fitilun har Nasiru ya fara danna mana ham.

Abin da na koya bai da yawa. Idan za ka yi wa matarka ƙarya, fara tambayar ajin da ta kai a makaranta. Idan kuma ka ga ta yi tagumi tana saurarenka ba ta katse ka, kada ka ɗauka gwanintarka ce, ta yiwu zamanka kawai take so. Yanzu ba na ƙara gishiri a labari, wanda na sha ya ishe ni. Amma da an sallame isha'i, gida nake yi.